Gida ɗaya, sassa daban-daban: yadda ake raba netwok a kan fayawol

Cikin azumin bara wani likita mai asibitin kansa a nan Sakkwato ya kira ni da kuka ɗaya: kwamfutar rajista tana jan ƙafa duk bayan la'asar, lokacin da 'yan dubiya suka cika harabar. Ya nuna mini fayawol ɗin da ya saya da kuɗi masu nauyi, wato na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita tsakanin netwok ɗin asibitin da intanet, an ɗaure shi a akwatin ƙarfe, fitilunsa sai ƙyaftawa suke. Na zauna a bencin jiran likita, na karanta kalmar sirrin Wi-Fi da aka manna a bango don baƙi, na shiga da wayata. Ban yi minti biyar ba na miƙa masa wayar. Ga shafin shiga na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorinsa, ga kuma jakar da ɗakin gwaji ke ajiye sakamakon jinin marasa lafiya, a buɗe.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Injiniya, to mi na saye ke nan?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, maigadi nagari ka ɗauka. Sai dai an tsayar da shi a bakin titi, cikin gidan kuma babu katanga ko ɗaya."

Abin da na gani a asibitin nan shi nake gani a makarantu, otal-otal da manyan shaguna. Ana soka wayar intanet a rami ɗaya, a soka suwic, wato akwatin da wayoyin na'urori ke haɗuwa a cikinsa, a wani, komai na gidan ya taru wuri guda: kwamfutar akanta, injin POS, kyamara, firinta, da wayar yaron da ya kawo abinci. Fayawol yana hukunci ne kawai a kan abin da ya ratsa ta cikinsa. Idan na'urori biyu suna netwok ɗaya, hirarsu a suwic take ƙarewa, shi bai ma san an yi ba.

Bahaushe bai buƙatar a koya masa wannan a fannin gini. Baƙo a zaure yake tsayawa. Wanda ya fi kusa ya kai shigifa. Tsakar gida na iyali ne, turaka kuma sai wanda aka kira. Duk katanga ɗaya ta kewaye su, amma kowa ya san iyakarsa. Aikin saita ƙofofin fayawol da VLAN, wato hanyar yanka netwok ɗaya zuwa sassa, shi ne gina waɗannan sassa a cikin wayoyi, sannan a mayar da maigadin inda duk mai tsallakawa daga sashe zuwa sashe dole ya bi ta gabansa.

Mu fara da ramukan da ake gani da ido. Kowane rami a bayan fayawol ƙofa ce, masu aikin suna ce mata intafes. Wadda ke fuskantar kamfanin intanet ita ce WAN, wadda ke fuskantar cikin gida ita ce LAN. Rubutun da ke jikin ƙarfen shawara ce kawai, a yawancin na'urori kana iya mayar da kowace ƙofa abin da kake so. Ƙofar WAN tana samun adireshinta ta ɗaya daga hanyoyi uku, kuma kamfanin da ke ba ka intanet ne zai faɗa maka wacce: ko ta karɓa kai tsaye ta DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa, ko a ba ka tsayayyen adireshi ka rubuta da hannu, ko a ba ka suna da kalmar sirri na PPPoE. Mai amfani da PPPoE ya riƙe lamba ɗaya a kansa, 1492. Girman ƙunshin saƙo a wayar netwok ta Ethernet bayit 1500 ne, PPPoE yana cin 8 daga ciki. Idan ba a gyara wannan ba, sai ka ga wasu shafuka suna buɗewa, wasu suna tsayawa a rabi, a yi ta zagin kamfanin intanet alhali laifin yana cikin akwatinka.

Tarko na farko da ke kama mutane a nan shi ne karon adireshi. Na'urori da yawa suna zuwa daga masana'anta da jerin 192.168.1: sabon fayawol na FortiGate yana amsawa a 192.168.1.99, na pfSense a 192.168.1.1, rawutar Starlink ma a 192.168.1.1. Tun da Starlink ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023, ofisoshi da dama a garin nan suka koma kansa, kuma na sha zuwa na tarar an soka rawutarsa a WAN, ga LAN ita ma a jeri ɗaya. Fayawol ya ga unguwa biyu masu suna ɗaya, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, bai san inda zai kai wasiƙa ba. Wasu na'urorin ma ƙin karɓar saitin suke. Maganin shi ne ka kauce wa 192.168.0 da 192.168.1 gaba ɗaya a cikin gida. Adireshin da aka ware wa cikin gida suna da faɗi: duk abin da ya fara da 10, da jerin 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Ni 10 nake ɗauka, don yana ba ni sararin tsara lambobi yadda duk wanda ya gaje ni zai gane.

To mene ne VLAN ɗin kansa? Ka tuna tirelar albasa da ake lodawa za ta Kudu. Mota ɗaya ce, amma kayan mutum goma ne a ciki. Kowane buhu an shafa masa shaidar mai shi da fenti, shi ya sa idan an isa ba a rikici wurin saukewa. Haka VLAN take. Waya ɗaya tana ɗaukar saƙonnin sassa da yawa, kowane saƙo an liƙa masa tambarin sashensa. Ƙa'idar da ta tsara wannan ita ce 802.1Q ta ƙungiyar IEEE, wadda ta fito a 1998. Tambarin bayit 4 ne da ake cusawa a kan saƙon. A cikinsa bit 12 ne ke ɗauke da lambar sashe, wato lambobi 4096, an keɓe 0 da 4095, saura 4094 da za ka iya amfani da su. Akwai kuma bit 3 na fifiko, da su ake sa muryar wayar tarho ta wuce gaban mai sauke bidiyo.

Wannan tambari kwamfutar ma'aikaci ba ta ganinsa, kuma ba ta buƙata. Ramin suwic da aka soka mata ana ce masa akses: na sashe ɗaya ne tak, suwic ne ke sa saƙon a sashensa idan ya shigo, ya cire tambarin idan zai fita. Ramin da ke haɗa suwic da fayawol, ko suwic da wani suwic, ko suwic da na'urar Wi-Fi mai sunaye da yawa, shi ne tirank, wato tirelar da ke ɗauke da buhunan kowa da shaidarsu. Wasu kamfanonin ba sa amfani da waɗannan sunaye, sai dai su tambaye ka ko sashe kaza zai fita da tambari ko babu a rami kaza. Ma'anar ɗaya ce. Abin da ba ya canzawa shi ne dole suwic ɗin ya zama irin wanda ake shiga a saita. Ƙaramin suwic mai rami takwas da ake saye a soka kawai bai san VLAN ba, kuma kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne.

Sai buhun da ba a shafa wa fenti ba. A kan tirank, saƙon da ya zo babu tambari ana jefa shi a sashen da ake kira natib, kuma daga masana'anta wannan sashen VLAN 1 ne. Nan ɓarna take ɓuya. Idan suwic ɗin sama ya ɗauki natib a matsayin 1, na ƙasa ya ɗauke shi a matsayin 20, saƙonni za su riƙa zubowa daga wani sashe zuwa wani babu wanda ya ba su izini. Akwai ma tsohuwar dabarar ɓarayi ta liƙa tambari biyu: suwic na farko ya ɓare na waje saboda ya dace da natib, na ciki ya kai saƙon sashen da bai kamata ya shiga ba. Don haka ba na barin kowa a VLAN 1. Ina ƙirƙirar wata lamba, misali 999, in mayar da ita natib a duk tirank, ba adireshi, ba getwe (adireshin da saƙo ke bi ya fita daga sashe), ba kowa a ciki. Duk ramin da ba a amfani da shi kuma in kashe shi. Sannan a kan tirank ina lissafa sassan da aka yarda su hau kawai, ba na barin shi a buɗe wa duka.

Kafin in taɓa na'urar likitan, takarda na nema. Wannan ne wurin da na fi daɗewa, kuma da za a bar ni in koya wa matasan da ke shiga sana'ar nan abu ɗaya, shi zan koya musu. Muka zauna da shi da babbar nas da akanta, ina tambaya: wa ke buƙatar ganin me? Muka fito da sassa shida. Likitoci da rajista da ɗakin gwaji suka zama 10. Ofishin kuɗi da POS, 20. Saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan marasa lafiya, 30. Kyamarori da na'urar naɗarsu, 40. Baƙi, 50. Sai 99 na shiga saitin na'urorin kansu. Kowane sashe na ba shi jerin adireshin da lambarsa ke ciki: sashe na 20 ya samu 10.10.20.0/24, getwe ɗinsa 10.10.20.1, haka sauran. Wannan /24 na nufin na'ura 254 za su iya zama a sashen. Amfanin tsarin shi ne idan ka ga 10.10.40.17 a rajistar fayawol da tsakar dare, ka san kyamara ce ba sai ka buɗe littafi ba.

Kada kuma a wuce gona da iri. Na taɓa gadar ofishi mai ma'aikata goma sha biyu da aka yanka shi sashe goma sha biyar, kowane tebur da nasa. Wanda ya tsara ya bar gari, babu mai iya taɓawa. Sashe ana yin sa ne idan akwai bambancin amana tsakanin waɗanda ke ciki da waɗanda ke waje.

A kan fayawol, kowace VLAN ana ƙirƙirar ta ne a matsayin ƙaramar ƙofa a ƙarƙashin ƙofar ƙarfe da tirank ya shiga. Abubuwan da za a tambaye ka kusan iri ɗaya ne ko FortiGate ne, ko Sophos, ko pfSense: suna, uwar ƙofa, lambar VLAN, adireshin getwe da faɗin jerin, sai shiyyar da za ta shiga. Lambar dole ta zama daidai da ta suwic, harafi da harafi. Sunan kuwa naka ne, amma ka rubuta abin da mutum zai gane, KUDI ko BAKI, kada ka bar shi a vlan2. Sai ka kunna DHCP na sashen, ka bar adireshin farko kamar 20 ga firinta da saba masu tsayayyen adireshi. A sashen baƙi ina rage wa'adin aron adireshi zuwa awa biyu ko uku. A asibiti mutane shiga da fita suke, idan ka bar wa'adin kwana guda, adireshi 254 za su ƙare kafin magariba, sabon zuwa ya kasa shiga alhali bencin babu kowa. A wannan shafin ne kuma za ka ga inda ake zaɓar ko ana iya buɗe shafin saitin fayawol daga wannan ƙofa. Ka cire alamar a ko'ina sai a 99. A WAN kuwa kada ka kuskura ka bar ta.

Raba sassa yana rage hayaniya nan take. Na'urori suna yawan yin shela, suna tambayar wa ke da adireshi kaza, wa ke da firinta, kuma shela ba ta tsallake iyakar VLAN. Amma tsaron da ake nema a dokoki yake, kuma a nan na'urori suka sha bamban, dole ka san halin taka. A FortiGate, duk abin da babu dokar da ta yarda da shi an hana shi. A pfSense, sabuwar ƙofa tana zuwa babu doka ko ɗaya, wato a rufe, LAN ta asali kuwa tana zuwa da dokar da ta bar ta zuwa ko'ina. MikroTik, wanda ya cika ofisoshinmu saboda sauƙin kuɗinsa, rawuta ne tun asali: da zarar ka ba sassa adireshi zai fara sada su da juna har sai ka rubuta masa dokar hani. Na sha ganin an yi VLAN biyar tsaf a kansa, mai gida yana murna, wayar baƙo kuma tana kaiwa ga saba kamar ba a yi komai ba.

Ana karanta dokoki daga sama zuwa ƙasa, ta farko da ta dace ita ke aiki, sauran ba a duba su. Don haka doka mai faɗi da ta hau sama tana haɗiye duk na ƙarƙashinta. Fayawol kuma yana tuna hirar da aka fara: idan ka yarda sashe na 10 ya nemi saba, amsar saba za ta dawo da kanta, ba sai ka buɗe hanyar dawowa ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su rubuta doka biyu, ta biyun ta ba saba damar kutsawa cikin kwamfutocin ma'aikata. A asibitin, dokokin ba su kai goma sha biyar ba. Likitoci suna kaiwa ga saba ta ƙofar manhajar kawai, 443 (wannan ƙofar lamba ce da manhaja ke amsawa da ita, ba rami ba). Ofishin kuɗi yana kaiwa ga ɓangaren biyan kuɗi da intanet. Baƙi intanet kawai, da iyakar gudu, kuma a na'urar Wi-Fi na hana wayoyinsu ganin juna. Wannan iyakar gudun ce ta warkar da ciwon la'asar da aka kira ni dominsa.

Dalilin da ya sa nake tsananta wa kyamarori ba zato ba ne. A 2016 mugun shirin Mirai ya tara kyamarori da na'urorin naɗa masu ɗimbin yawa da aka bari da kalmar sirrin masana'anta, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka a watan Oktoba. A watan Mayun 2017 WannaCry ya bi ƙofar 445, wadda Windows ke raba fayil da ita, yana tsalle daga kwamfuta zuwa kwamfuta, har asibitocin gwamnatin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Cuta irin wannan iyakarta inda katanga ta tsaya. Ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma ɗora nauyin tsare su a kan wanda ya tattara. Shi ya sa kyamarorin likitan na hana su intanet baki ɗaya, sai saita agogo da na bar musu daga fayawol. Na'urar naɗa kuma na ajiye ta a sashe ɗaya da su da gangan. Kyamara 16, kowace tana tura megabit 4 a daƙiƙa, megabit 64 ke nan dare da rana. Idan na'urar naɗar tana wani sashe, duk wannan lodi sai ya hau tirank ya shiga fayawol ya sake saukowa ta waya ɗaya, a banza.

Ranar da aka raba gida, kukan farko daga firinta yake zuwa. Kwamfutoci da wayoyi suna gano firinta ne ta shela, shela kuma ta tsaya a iyaka. Ba lalacewa ta yi ba. Ka ba ta tsayayyen adireshi, ka buɗe doka zuwa gare ta ita kaɗai, ka ƙara ta a kwamfutoci da adireshin. Kuka na biyu shi ne kwamfutar da ta ce babu intanet. Ka duba adireshinta: idan ya fara da 169.254, ba ta sami DHCP ba ne, ta laƙa wa kanta. Sau da yawa an manta saka lambar sashen a jerin da tirank ya yarda da su, ko ramin bangon yana wani sashe daban. Idan kuwa tana da adireshi mai kyau, tana taɓa getwe, amma ba ta fita waje, to doka ce babu ko an manta kunna NAT a kanta, wato tsarin da ke musanya adireshin cikin gida da na WAN idan saƙo zai fita.

Akwai kuskuren da kusan duk mai wannan aiki ya taɓa yi: kana zaune a kan reshe kana sara. Ka canza VLAN ɗin ramin da kai kanka kake ciki, shafin ya daskare, ka kulle kanka a waje. Kafin ka fara, sauke kwafin saitin ka ajiye a filas. Ka bar ƙofa ɗaya ta fayawol da ba ta cikin tirank, wadda za ka soka laftof kai tsaye, kebul ɗin konsol, wanda ake shiga saitin na'ura da shi ko babu netwok, kuma ya kasance a jakarka. MikroTik yana da yanayin kariya da ke mayar da saitin baya idan haɗinka ya yanke, ka kunna shi. Kuma ka san ko na'urarka tana adana canji da kanta. FortiGate yana yi. Suwic ɗin Cisco kuwa sai ka umarce shi ya rubuta saitin, in ba haka ba duk aikin yini yana tafiya da ɗaukewar wuta ta farko, a garin da ake sauyawa tsakanin wutar gari, janareta da sola sau da yawa a rana. Batirin UPS a nan wajibi ne. Haka iska: yawancin ƙananan na'urorin nan an ƙera su ne su yi aiki zuwa digiri 40, zafin Sakkwato a Afrilu da Mayu yana wuce haka a inuwa, balle cikin rufaffen akwati a ɗakin ajiya. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ramukan shan iska, a riƙa hure su.

Layin intanet na biyu shi ne abu na ƙarshe da muka saka, rawutar 4G a WAN ta biyu. Abin lura a nan: fitilar rami tana iya zama kore alhali intanet ɗin ya mutu a can gaba, fayawol ya ci gaba da tura saƙo cikin rijiya. Sai an saita masa ya riƙa ƙwanƙwasa wani adireshi na waje, kamar 8.8.8.8 ko 1.1.1.1, idan ya ji shiru sau kaza ya koma layi na biyu. Na kuma hana sashen baƙi hawa layin 4G, don kada datar asibiti ta ƙare a kallon bidiyo. Likitan ya so ganin kyamarori daga gida, na faɗa masa layukan nan biyu suna bayan adireshin da kamfani ke raba wa mutane da yawa, wanda ake gane shi da jerin da ya fara daga 100.64, don haka buɗe ƙofa daga waje ba zai yi ba, kuma ko zai yi ba zan buɗe ba. Muka bi ta VPN, wato kullalliyar hanyar sirri da ke kai shi cikin netwok ɗin asibitin daga waje.

Da muka gama, na koma bencin nan na shiga Wi-Fi ɗin baƙi, na miƙa masa wayar ya gwada da hannunsa. Shafin kyamara bai buɗe ba, jakar ɗakin gwaji ba ta bayyana ba. Ina tattara kaya sai na hango wani ramin netwok a bangon ɗakin jira, bayan firijin ruwa, wanda babu shi a takardarmu. Na soka laftof, ya ba ni 10.10.10.63, adireshin sashen likitoci. Na bi wayar har akwati, rami na 19 ne a suwic. Na kashe shi, na rubuta a takardar, muka manna kwafinta a cikin murfin akwatin.